Tsarabar Abba Daga Kuala Lumpur

Whalley Range, Manchester
6 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yar Abbanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Muhsin. Ya aiki, ya sanyin da ya fara shigowa, ya kuma haƙurin da Allah ya ɗora mana? Ni jiki da sauƙi. Jinina ya ɗan hau, likitata ta GP ta ƙara min ƙwaya ɗaya, kumburin ƙafar kuma ya sauka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Rabona da wasiƙa tun ina makarantar kwana, hannun ma ya manta. To ya zan yi? Na kira wayarki har na gaji, saƙon murya kuwa ko buɗewa ba kya yi. Scholastica ta flat ɗin ƙasa ce ta sayo min ambulan da kan sarki, ita kuma za ta jefa min, tunda ni ba fita nake ba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma yanzu aka fara. Daga ɗaki sai kicin, daga kicin sai taga. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa ya koma aikinsa. Na haddace motocin layin nan kaf, har karen Baturen da gidansa ke kallon namu na san lokacin fitarsa.

Tun ranar da kuka sauka daga Kuala Lumpur, Goggonki Sabuwa ta tare ku a filin jirgin Birmingham ta faɗa miki Abbanki ya rasu, ban ji muryarki ba. An ce ko kuka ba ki yi ba, kika ja akwatinki kika wuce flat ɗinku na Edgbaston kika rufe ƙofa. Manchester kuwa kin ƙi takowa. Ke kaɗai Allah ya ba mu, kin kuma san ba ni da halin zuwa in same ki.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, ki ji daga bakina. Ranar Juma'a ce, ya dawo daga masallaci yana tsokanata wai miyar ta yi gishiri, sai kawai ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasan kicin. Kafin a isa asibiti da shi rai ya yi halinsa. Da yamma Goggonki ta iso daga Handsworth. Ita ce babba, yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce ba a faɗa wa matafiyi mutuwa, balle yarinyar da ke tafiyar amarcinta a bangon duniya. Gobe za a kai shi, ba za ki iso ba, mene ne amfanin a bar ki kina ta kuka a cikin jirgi? Na ce to.

Haka muka taso, ba don ke aka ƙirƙiro ba. Ni da Innata ta rasu ina ƙasar nan, ce min aka yi jikinta ya matsa. Sai da na sauka Kano na ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. Na yi kukana na share, ban riƙe kowa a rai ba.

Ko ba komai, kin ga garin da ya yi karatunsa, wanda ya ishe mu da labarinsa tun kina goye. Kin ci abincin da ya so ki ci, hankalinki kwance. Wannan ma abin godiya ne in kin duba. Ki daure ki zo, ko na yini ɗaya ne.

Mamanki


Edgbaston, Birmingham
10 ga Nuwamba

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ya jiki, ya haƙuri. Ki riƙa shan maganin a kan lokaci, kada ki tsallake. Ni ƙalau nake, ina zuwa aikina na pharmacy ina dawowa.

Da Turanci na fara ba ki amsa, na yaga, don na san za ki ce yaran ƙasar nan ne, haka bakinsu yake. To ga ta da Hausar da Abba ya dage sai na iya.

Kin ce na ci abinci hankalina kwance, wai abin godiya ne. Bari in ba ki labarin abincin, ki gani ko za ki iya gode min.

Ranar Asabar da safe na nemi wayata na rasa. Muhsin ya ce wataƙila a taxi na manta ta. Na yi kuka, Mama, kuka na gaske, saboda waya. Ashe tana ƙasan jakarsa a cuse cikin safa, don kada wani ya turo min ta'aziyya. Da ya lallashe ni sai muka tafi Batu Caves, wani kogo a saman dutse da ake hawa ta matattakala mai fenti kala-kala, birai suna bin mutane suna fizge abin hannunsu. Wani ya ƙwace min dafaffiyar masara, ya haye sama yana ci yana kallona. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na karɓi wayar Muhsin na tura wa Abba hoton, na ce ga abokinsa na gaishe shi. Alama ta nuna an buɗe, amsa ba ta zo ba. Na kira, ke kika ɗauka, kika ce yana barci. Muryarki a shaƙe, kika ce mura ce.

Lahadi muka hau tagwayen benayen nan masu ƙyalli, muka tsaya a kan gadar da ta haɗa su, garin duka a ƙarƙashinmu. Ruwan la'asar ya tsuge kamar yadda yake yi musu kusan kullum, muka fake a wata rumfa. Da ya ɗauke muka shiga wani layi da babu komai cikinsa sai abinci, ga hayaƙi, ga ihun masu kiran ciniki, ga kujerun roba har tsakiyar titi. Na ci tsirensu, ƙanana ne a jikin tsinke, ana tsomawa cikin miyar gyaɗa mai zaƙi. Na cinye nawa na jawo na Muhsin. Mutumin da ko a gabanku ba ya iya ɓoye cinsa, ya ce wai yaji ya yi masa yawa. Na yi ta yi masa tsiya, Bakano guda yana gudun yaji. A ranar kin ce min Abba ya tafi masallaci.

Litinin kasuwa muka shiga, na ɗanɗana durian, wani ɗan itace mai ƙaya da warinsa ya sa aka hana shiga hotel ɗinmu da shi. Talata muka je masallacin da koguna biyu suka haɗu a gabansa, inda Abba ya ce yana zuwa Juma'a lokacin yana ɗalibi. A cikinsa na ɗaga hannu na roƙa masa tsawon rai.

Laraba na samo rumfar. Kin san ta, ta Kampung Baru, wadda ya ce in ban ci shinkafarta ba ban je garin ba. Unguwa ce ta gidajen katako a tsakiyar dogayen benaye, muka yi ta bulayi muna nuna wa mutane tsohon hotonsa. Bayan magariba muka dace. Tsohuwar tana nan da ranta, 'yarta ce ke zubawa yanzu, ita tana zaune tana naɗe shinkafa a ganyen ayaba. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta tafa hannu ta ce, "Musbah! Dogon nan mai neman ƙarin yaji." Ta hana mu tashi. Shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, soyayyun ƙananan kifi, gyaɗa, ƙwai, da jan yajin da suke kira sambal, sai shayin da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa kamar na masu shayin Kano. Na ci na ƙara. Muhsin ya ɗauki bidiyonta tana gaishe da Abba, na tura. Wallahi ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar wannan maraicen ba.

Na lissafa bambancin lokaci, Mama. A daidai sa'ar nan ake zuba masa ƙasa.

Kin rubuta cewa Goggo ta ce gobe za a kai shi. Juma'a ya rasu, Laraba aka binne shi. Jirgi daga can zuwa Manchester ko kwana ɗaya cikakke ba ya yi. Da na iso, da na ga fuskarsa, har ma da na taya ku jira. Nan ba Kano ba ce da ake rasuwa da hantsi a binne da azahar. Kun fi ni sanin haka, kun riga ni zuwa ƙasar nan.

Yanzu ko ƙanshin shinkafa ba na son ji. Kada ki ƙara ce min abin godiya ne. Kuma ba zan iya zuwa in zauna a falon nan, mutanen da suka ɓoye min suna ce min sai haƙuri ba.

Widad


Edgbaston, Birmingham
13 ga Nuwamba

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ya ƙarfin jiki, ya haƙurinmu. Allah ya jiƙan Abba, ya sa Aljanna ce makoma. Ku yi haƙuri da na rubuto, na san ba hurumin suruki ba ne ya sa baki tsakanin uwa da 'ya. A asibiti nake rubutawa lokacin break, Widad ba ta sani ba.

Na san za ta ce muku ƙalau take. Ba ƙalau take ba. Shayi da biskit ne abincinta, ta rame har zobe yana juyawa a yatsanta. A falo take kwana. Magana tsakaninmu ba ta wuce ta makulli da fitar da shara ba. Akwatin da muka dawo da shi yana nan a corridor inda ta ajiye shi, ba a buɗe ba. Wurin matsattse ne, sai mutum ya karkata yake wucewa, ni kuwa ba ni da bakin cewa a matsar da shi. Tsarabar Abba tana ciki.

Ni likita ne, na saba kai wa mutane labari mara daɗi, har koya mana yadda ake yi aka yi. Amma da Baba Falalu, mijin Goggo, ya kira ni da asuba a hotel ya ce, "Kai namiji ne, ka riƙe wannan har ku dawo," sai na ji bakina ya ce to, Baba. Ban san yadda ake ce wa babba a'a a irin wannan rana ba. Kullum da la'asar sai in ce mata zan shiga masallaci, in kira shi in ce ko mu taho. Ya ce takardar izinin binnewa ce ta tsaya saboda weekend, gobe za a kai shi, ba za ku iso ba. Washegari ya ce ana son ƙarin bincike tunda faɗuwa ce ta farat ɗaya, amma gobe ne. Da na san goben za ta kai Laraba, da tun Asabar muna cikin jirgi.

Abin da ya fi min wuya shi ne cin abinci. Garin nan duk inda ka juya abin ci ne, ita kuma komai ta gani sai ta ce Abba ya ba ta labarinsa. Ta ɗebo a cokali ta miƙo min, ta ce buɗe baki. Ina taunawa ina jin kamar yashi. A rumfar tsohuwar nan ni na riƙe wayar, na kasa saita ta, Widad tana min faɗa wai zan ɓata bidiyon. Tsohuwar ta dube ni ta tambaya ko ba ni da lafiya, na ce zafin garin ne.

Ba don in wanke kaina na rubuto ba, wayar ni na ɓoye, ba wanda ya sa ni. Roƙona shi ne kada ku gaji da rubuto mata. Wasiƙarku tana aljihun rigar aikinta, na ga tana ciro ta a kicin tana sake karantawa duk da fushin.

Ɗanku,
Muhsin


Whalley Range, Manchester
17 ga Nuwamba

Widad,

Ga shi yau na rubuta sunanki, ni da ban saba kamawa ba saboda kunyar 'yar fari. Assalamu alaikum, ina fatan kin tashi lafiya. Ni ina shan maganin, ba na tsallakewa. Amma ke an ce min shayi da biskit kika mayar abinci. Kada ki tambaye ni wa ya faɗa, kada kuma ki yi masa faɗa.

Na karanta takardarki har ta yi laushi a hannuna. Maganar abin godiya na janye ta, ban iya magana ba ne. Kin kuma yi gaskiya, nan ba Kano ba ce. Mun ɗauko abin da ake yi a gida muka yi shi a ƙasar da gawa take jiran takarda. Kowace safiya sai a ce gobe, kowace safiya kuma faɗa miki yana ƙara nauyi, don sai an haɗa da bayanin jiya da shekaranjiya. Ranar Litinin na ɗauki waya zan kira Muhsin in ce ku taho, Goggonki ta ce, "Maimuna, yanzu kuma? Ki ce mata me?" Sai na ajiye wayar.

Amma akwai abin da kike zato wanda ba haka yake ba. Kina ganin duk muna wurin, ke kaɗai aka bari. Ni ma ban je ba. Rabona da fuskarsa tun asibiti ranar Juma'a, da suka ja labule. Daga can masallaci aka wuce da shi, maza suka yi masa wanka da sallah suka kai shi, mu mata muna zaune a falo. Har yau ban san inda kabarinsa yake ba, ban san ko akwai bishiya kusa ba, ko ruwa yana kwanciya a wurin. Na tambayi Baba Falalu, ya ce wuri ne mai kyau, shi ke nan fa. Mutumin da ko kanti ya tafi sai na san wane kanti ne, yau na rasa mai kwatanta min inda yake.

Bidiyon tsohuwar nan ya shigo wayarsa muna cikin wannan zaman. Na shiga banɗaki na kulle na kalla. Tun Juma'a kowa marigayi yake cewa, ita kaɗai ta kama sunansa tana dariya, tana gwada tsawonsa da hannu. Ga ki a gefe, bakinki duk jan yaji, dariyarsa sak. Ban gane abin da take cewa a ƙarshe ba, Turancinta ya fi ƙarfin kunnena, ga ƙarar babura. Ba ranar da ba na kallo. So nake ki sani, abincin nan da kika tsana, ni shi ya riƙe ni a ranar.

To, tunda ba za ki zo ba, ni zan zo. Na tambayi malamin masallacinmu ta waya, ya ce mai takaba tana iya fita da rana in da lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Goggonki ta ji labari, ta kira ta ce a danginsu ba a taɓa yi ba, me mutane za su ce. Na ce su ce mana. Scholastica ta duba min jirgin ƙasa, Asabar da safe daga Piccadilly, in sauka New Street in canza zuwa na unguwarku, in juyo da wuri. In kin ga dama ki buɗe min, in ba ki ga dama ba in zauna a kan matattakala, na dai ga ƙofarki.

Mamanki


Edgbaston, Birmingham
20 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki, ya jiki. Sauri nake yi don ta same ki kafin Asabar.

Kada ki zo. Don Allah kada ki fito daga gidan nan saboda ni. Ki zauna inda kike.

Widad


Whalley Range, Manchester
24 ga Nuwamba

Widad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon kai.

Saƙonki ya same ni. Ranar Asabar na shirya tsaf, hijabi, safa biyu, na ƙulla miki dambun nama a jaka. Na sauko a hankali ina dafa bango, don rabona da matattakalar nan tun ranar da aka dawo da ni daga asibiti. Kin san teburin bakin ƙofa da ake zube wasiƙun duk flats ɗin gidan. Hannuna yana kan mariƙin ƙofa na hango rubutunki a ƙarƙashin takardun tallan pizza. A tsaye na karanta. Mai tasi yana waje yana jira, Scholastica ce ta je ta ba shi haƙuri.

Na hau sama na cire hijabin na ninke. Dambun na ba ta ta kai wa yaranta. Goggonki ta kira da yamma ta ce ai ta san zan yi hankali, ban gyara mata ba.

Na ji, ba kya son ganina. Ba zan ce ba ki da hujja ba, ba kuma zan ƙara takura miki ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, wannan kam ba zan ɓoye miki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki ci abinci, ko ba shinkafa ba. Yaron nan kuma ki sassauta masa, maganar manya ya bi.

Duhu yana shigowa da wuri yanzu, ina idar da la'asar sai in kunna fitila. Ina nan inda kika ce in zauna.

Mamanki


Cikin mota, Whalley Range
13 ga Disamba

Mama,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ciwon kan? Kin ga ambulan ɗin nan babu kan sarki. Scholastica na tare tana dawowa daga cefane, na roƙe ta ta hawo miki da shi.

Ni ban ce ba na son ganinki ba, ban san inda kika karanto wannan ba. Takabar nan ita kaɗai ce abin da ya rage ana yi wa Abba. Ban so a ce saboda ni kika fita, a ƙara min wani kayan a kan wanda nake ɗauke da shi. Da amsarki ta zo haushi ya hana ni rubutu, na ce ka ga, ko magana ɗaya ba ma iya yi wa juna daidai. Shi ya sa kika ji shiru.

Shekaranjiya zan fita aiki na yi tuntuɓe da akwatin nan na faɗi. Ina zaune a ƙasa na jawo shi na buɗe. Komai na ciki ƙanshin garin yake yi. Tsarabar Abba tana can ƙasa, kwalbar sambal ce da tsohuwar ta cika da hannunta, ta naɗe da leda da tsumma. Kin ce ba ki gane abin da take faɗa a ƙarshen bidiyon ba. Cewa take a gaya masa ta tsufa, in zai zo ya yi sauri. Kuma ya taho da matarsa ta gan ta, don tun yana ɗalibi ya ishe ta da labarin wata Maimuna da ke jiransa a Kano.

Yau da safe mun je maƙabarta, Muhsin ne ya tuƙo, Baba Falalu ya kwatanta masa ta waya. Tunda ba wanda ya gaya miki, ga shi. Yana ɓangaren Musulmi, can kusa da shinge. Wurin ya ɗan yi tudu, ruwa ba ya kwanciya. Akwai bishiya daga wajen kansa, ta zubar da ganye yanzu, amma idan sanyi ya wuce za ta yi inuwa. Na damansa wani dattijo ne ɗan Pakistan, hagunsa ba kowa tukuna. Ana jiyo motocin bas daga titi kaɗan-kaɗan. An rubuta sunansa daidai a allon. Na ɗauko miki hoto, yana wayata. A can na yi kukan da ban yi ba, Muhsin ma ya tsuguna ya kasa tashi, sai da na kama shi.

Ban huce duka ba, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Goggo kuwa sai a hankali. Kuma akwai alkawarin da nake so in ji daga bakinki yau. Duk ranar da wani abu ya same ki, ko jinin nan ne kawai ya hau, ko ina wace ƙasa, ko cokali yana bakina, a faɗa min a lokacin.

Mun daɗe a nan. Ina kallon tagar kicin, na ga labulen ya motsa. Ke da kika haddace motocin layin, ga baƙuwa ɗaya nan, ja, a gaban gidan mai kare. Makullina yana hannuna na kasa sakawa, don in na buɗe da kaina zan ga kamar shi zan tarar a saman bene yana tambayata tsaraba. Ki sauko ki buɗe min. Iya bakin ƙofa dai ko Goggo ba za ta ce kin fita ba.

Kwalbar tana kan cinyata. In akwai shinkafa a gidan, ki ɗora kafin ki sauko. Yunwa nake ji.

Widad